Ƙyashi da cutar leshmaniyoz: yadda ƙasa, itatuwa da yanayi ke zaɓa masa mazauni

Ƙyashi ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai shan jini, wanda ake kira phlébotome da Faransanci. Tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne kawai, bai kai rabin sauro ba, amma ta cizonsa ake kamuwa da leshmaniyoz, cutar da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa tana kama mutum dubu 700 zuwa miliyan 1 kowace shekara. Ƙwaron ba ko'ina yake zama ba. Ana iya samun ƙauyuka biyu maƙwabtan juna, ɗaya cutar ta addabe shi, ɗayan ko sunanta bai sani ba. Sau da yawa bambancin yana cikin irin ƙasar da aka kafa ƙauyen a kanta, da itatuwan da suka kewaye shi, da dabbobin da ke haƙa rami a gonakinsa, da kuma watan da mutane suka fi kwana a waje.

Kamanninsa da ire-irensa

A bakin Hausawa sunan ƙyashi ya haɗa ƙananan ƙwari masu cizo iri-iri, waɗanda mutum kan ji zafinsu bai gan su ba. Wanda ake magana a kansa a nan yana da alamomin da suka raba shi da sauran. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske kamar rairayi, jikinsa da fikafikansa duk gashi, ƙafafunsa dogaye. Idan ya sauka ba ya kwantar da fikafikai kamar ƙuda, sai ya ɗaga su a buɗe kamar harafin V. Ba ya kuka a kunne kamar sauro, kuma tashinsa tsalle-tsalle ne gajeru. Dabam yake da baƙin ƙudan bakin kogi mai jawo makanta, dabam yake kuma da ƙudan tsando mai jawo ciwon barci.

Masana sun gano kusan iri 1000 na wannan ƙwaro a duniya, amma waɗanda aka sani suna yaɗa leshmaniyoz sun ɗan haura 90 ne kawai. A Afirka da Asiya da Turai, masu yaɗa ta suna cikin dangin da ake kira Phlebotomus. A nahiyar Amurka kuwa dangin Lutzomyia ne aka fi sani. Akwai wani dangi mai suna Sergentomyia, wanda shi ne ya fi yawa a Afirka ta Yamma, amma akasarinsa jinin ƙadangare da sauran masu jan ciki yake sha. Saboda haka yawan ƙyashi a wuri ba shi ne ke nuna girman haɗari ba, sai an san wane iri ne.

Macen ce kaɗai ke shan jini, don tana buƙatarsa wajen yin ƙwai. Namiji da mace duka suna rayuwa ne da ruwan zaƙi na tsirrai. Sun fi fitowa daga faɗuwar rana zuwa asuba.

Cututtukan da yake ɗauka

Ƙwayar cutar leshmaniyoz wata halitta ce da ba a gani sai da madubin likita, ana kiranta Leishmania, kuma fiye da iri 20 nata suna kama ɗan Adam. Sunan ya samo asali ne daga William Leishman, likitan sojan Birtaniya, wanda shi da Charles Donovan suka bayyana ta a 1903, kowa a nasa ɓangaren. A 1921 masu bincike na cibiyar Pasteur ta Aljeriya, ƙarƙashin jagorancin ƴan'uwa biyu Edmond da Étienne Sergent, suka nuna cewa ƙyashin da aka kamo daga yankin Biskra yana ɗauke da cutar fata. A 1942 aka tabbatar a Indiya cewa cizon ƙwaron ne ke yaɗa mai kama kayan ciki.

Cutar tana zuwa ta fuska uku. Ta fata ita ce ta fi yawa. Ƙurji kan fito a inda aka yi cizon, a fuska ko hannu ko ƙafa, ya zama gyambo mai tudun baki wanda ke ɗaukar watanni bai warke ba, in ya warke ya bar tabo har abada. Ta biyu tana cin fatar cikin hanci da baki da maƙogwaro, an fi samunta a Kudancin Amurka da Habasha. Ta uku ita ce kala-azar, mai shiga saifa da hanta da ɓargo. Alamominta su ne zazzaɓi mai daɗewa, rama, ƙarancin jini da kumburin saifa. OMS ta ce tana kama mutum dubu 50 zuwa dubu 90 a shekara, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Ban da leshmaniyoz, wasu ire-iren ƙyashi na yaɗa zazzaɓin kwana uku a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, da cutar Carrión a kwarurrukan tsaunukan Peru.

Abin da yake buƙata don ya rayu

Babban abin da ya raba ƙyashi da sauro shi ne ba ya hayayyafa a cikin ruwa. Macen tana zuba ƙwai 30 zuwa 70 a ƙasa mai danshi wadda ke da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabbobi. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, tsutsar ta ci ruɓaɓɓun abubuwan da ke wurin, ta sauya fata har sau huɗu, kafin ta zama ƙwaro mai tashi. Duka-duka abin na ɗaukar kamar wata ɗaya zuwa biyu. Idan sanyi ko fari ya yi tsanani, tsutsar wasu ire-iren na iya dakatar da girma ta kwanta har yanayi ya gyaru.

Abubuwa huɗu ne ke iyakance shi. Na farko zafi. A ɗakunan bincike ana kiwonsa ne a kusan digiri 25 zuwa 28, idan sanyi ya yi yawa girmansa na tsayawa, idan zafi ya wuce kima yana mutuwa. Ita ma ƙwayar cutar tana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu a cikin hanjinsa kafin ta iya shiga wani, kuma ɗumi na gaggauta wannan. Na biyu danshi. Ƙwai da tsutsa ba sa jure bushewa, ambaliya kuma na kashe su. Na uku iska. Ƙwaro ne mai raunin tashi, iska mai ɗan ƙarfi ma tana hana shi fita, yana bin ƙasa-ƙasa, kuma yawanci ba ya nisan da ya wuce ƴan ɗaruruwan mita daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Na huɗu maɓoya da abinci, wato wuri mai duhu da zai wuni, da dabba ko mutum da zai sha jininsa da dare.

Wannan ne ya sa awon zafi da ruwan sama na gari gaba ɗaya ba ya wadatarwa. Rana na iya kai digiri 42 a fili, amma a cikin ramin kusu, ko tsagar ƙasa, ko kogon itace, ko tsagar bangon laka, akwai sanyi-sanyi da laima duk yini. A irin waɗannan ƙananan wurare ƙyashi ke tsira, har a tsakiyar hamada.

Gadarif: baƙar laka, dushe da aduwa

Wurin da aka fi nazarin wannan alaƙa a Afirka shi ne jahar Gadarif da ke gabashin Sudan, kan iyaka da Habasha. Tana cikin yankunan da kala-azar ta fi yawa a duniya, musamman ƙauyukan da ke bakin kogin Rahad da kogin Atbara. Irin ƙyashin da ke yaɗa ta a can sunansa Phlebotomus orientalis.

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai kumbura idan ta sha ruwa, ta daddare idan ta bushe. Irinta ce ake kira firki a Borno, karal a arewacin Kamaru, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye. Da rani takan tsattsage, tsagar ta yi zurfin da zai kai mita ɗaya. Sama ƙuna, can ƙasa kuwa sanyi da danshi, ga ganye da kashin dabbobi da iska ke turawa ciki. A nan ƙwaron ke wuni, da magariba ya fito.

Itatuwa biyu ne suka fi yawa a dajin da ke kan wannan ƙasa: dushe, wanda Larabawan Sudan ke kira talha, da aduwa, wadda suke kira hijlij. Masu kafa tarkon ƙyashi sun daɗe da lura cewa sun fi kama shi a cikin kurmin waɗannan itatuwa da gefensa fiye da fili ko tsakiyar ƙauye. Kurmin na rage ƙarfin iska, yana ba da inuwa da ruwan zaƙi, yana kuma tara dabbobin daji da na gida. A gandun dajin Dinder, inda mutane ba su da yawa, an kama ƙyashi masu ɗauke da ƙwayar cutar, abin da ya sa ake zargin wasu dabbobin daji, irin su tunku, da ajiye ta.

Wani nazari da aka buga a 1999, wanda ya haɗa wuraren da aka kama ƙwaron da bayanan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa a Sudan an fi samunsa inda ruwan sama ke tsakanin milimita 400 zuwa 1200 a shekara, matsakaicin zafin rana kuma digiri 34 zuwa 38, a kan baƙar laka. Arewa da wannan ɗamara fari ya yi masa yawa, kudu da ita kuma ruwa ya yi masa yawa.

Shi ma lokaci yana da nasa tsarin. Ƙwaron ya fi yawa a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Yuni, daidai lokacin da zafin bazara ke korar mutane daga ɗaki su kwana a tsakar gida ko ƙarƙashin itace. Wannan irin kuwa a waje ya fi cizo, ba kasafai yake shiga ɗaki ba. Da ruwa ya sauka sosai, laka ta kumbura ta rufe tsagoginta, sai ya yi ƙaranci. Amma cutar na ɗaukar wata biyu zuwa shida kafin ta bayyana, don haka asibitoci sun fi cika da masu kala-azar daga ƙarshen damina zuwa lokacin sanyi. Wanda ya kwanta ciwo a Nuwamba, mai yiwuwa tun Mayu aka cije shi.

Mutanen da ke shiga mazauninsa

Akwai Hausawa da yawa a wannan yanki na Sudan. Wasu zuriyar mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma kakanninsu sun yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu mai shuɗi. Daga baya wasu suka bazu zuwa bakin Rahad suna noma da su. A shekarun 1990 likitocin Sudan da abokan aikinsu sun bibiyi ƙauyuka biyu na wannan kogi: Um Salala, na Masalit da suka zo daga Darfur, da Mushrau Koka, na Hausawa. Ƙwayar cutar na shiga jikin mutane a ƙauyukan biyu, amma a Mushrau Koka yawancin waɗanda ta shiga ba su kwanta ciwo ba, kuma masu binciken sun lura cewa mutanen can sun fi samun abinci mai gina jiki. Muhalli ne ke kawo cizon, amma yunwa da raunin jiki suna da hannu wajen wanda zai kwanta. Haka ma ciwon sida na ƙara tsananta kala-azar.

Baƙo ya fi shiga haɗari, domin jikinsa bai taɓa gamuwa da cutar ba. Kowace shekara dubban ƴan ƙwadago na saukowa daga tsaunukan Habasha zuwa gonakin riɗi da dawa na Humera da Metema, da na Gadarif a tsallaken iyaka. Suna kwana a gona, a ƙasa, galibi ba sange. Wasu na komawa gida da cutar. A 2005 an gano ɓarkewar kala-azar a gundumar Libo Kemkem ta jahar Amhara, wurin da ba a san ta ba a da.

Annoba mafi muni ta auku ne a yammacin Upper Nile, cikin Sudan ta Kudu ta yau, tsakanin 1984 da 1994. Likitocin ƙungiyar MSF sun ƙiyasta cewa mutum kusan dubu 100 suka mutu cikin al'umma mai kimanin dubu 280. Yaƙi ya kori mutane cikin dazukan dushe da aduwa, ga yunwa, ga babu magani. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sake tura ɗimbin ƴan gudun hijira zuwa Gadarif, ya kuma raunana asibitoci.

Sahel: ramin kusu

A Afirka ta Yamma leshmaniyoz ta fata ce ta fi yawa, kuma a Nijar aka fara rubuta labarinta. A 1911 wani likitan Faransa mai suna Stévenel ya bayyana ta a yankin Damagaram. Daga baya aka same ta a Najeriya da Senegal da Mali, ta yadda ta bi ɗamarar Sahel da ta savana tun daga bakin tekun Atlantika har tafkin Cadi.

Ƙwayar da ke jawo ta a nan ita ce Leishmania major, mai ɗaukar ta kuma Phlebotomus duboscqi. Cutar ta kusan daji ce, mutum tsautsayi ne ke haɗa shi da ita. A Keur Moussa, kusa da Thiès a Senegal, binciken da aka yi a shekarun 1970 ya gano ƙwaron yana zaune a cikin ramukan kusa, ya kuma gano ƙwayar cutar a jikin ire-iren kusan daji uku. Ramin ya haɗa masa komai: duhu, danshi, kashi da ragowar abinci don tsutsarsa, da jinin mai gidan. Don haka gonaki da lambuna masu ƙasa mai laushi, inda kusa ke samun abinci da sauƙin haƙa, su ne suka fi haɗari, tare da gidajen da ke bakin gari. An sami irin wannan ƙwaron cikin gidaje a ƙauyukan Kemena da Sugula na jahar Segu a Mali.

Birni ma bai tsira ba idan ya faɗaɗa ya cinye daji. Daga 1996 masu gyambon suka ƙaru ƙwarai a Wagadugu, a daidai lokacin da ake gina sabuwar unguwar Ouaga 2000 a kudancin birnin, har mutane suka laƙaba wa cutar sunan unguwar. An fi ganin masu ita a ƙarshen damina. A arewacin Kamaru, Mokolo ta daɗe da suna a kan cutar fata. A Gana kuma ta ɓulla a gundumar Ho ta jahar Volta daga 1999, a yanki mai dausayi da bai yi kama da Sahel ba.

Kala-azar ba ta da yawa a yammacin nahiyar, amma akwai ta. An samu masu ita a Kuseri, a filin laka da ke fuskantar Njamena. An samu a Nijar, har da yankin tsaunukan Ayar, inda wani bincike na farkon shekarun 1990 ya kama Phlebotomus bergeroti da Phlebotomus alexandri, ire-iren da ke jure fari. A Cadi an ba da rahotonta a lardunan Borku da Tibesti tun 2018. Kwazazzaban duwatsu da lambunan da ke bakin rijiyoyi na ba ƙwaron danshin da hamadar ta hana shi.

Arewa da hamada

Aljeriya na cikin ƙasashen da cutar fata ta fi yawa a duniya, har Faransawa suka sa mata suna ƙurjin Biskra. A can da Tunisiya da yammacin Libiya, mai ɗaukar ta shi ne Phlebotomus papatasi, mai ajiye ta kuma wani ƙaton kusun hamada ne da ake kira Psammomys obesus. Wannan kusu ba ya cin komai sai ganyen wasu tsirrai masu gishiri da ke fitowa a gefen tafkunan gishiri, kuma a ƙarƙashinsu yake haƙa rami. Duk inda tsiron yake, akwai kusun, akwai ƙyashi. Wani kusun mai suna Meriones shawi kuma yana bin gonaki, shi ke kusantar da cutar ga ƙauyuka. Shekarar da aka yi ruwa sosai, ciyawa ta yi yawa, kusa su hayayyafa, daga baya masu gyambo su ƙaru. Ƙwaron na fita ne a watannin zafi, gyambon ya bayyana da kaka da lokacin sanyi. Matafiya da ƴan ci-rani daga Nijar da ke aiki a gonakin waɗannan yankuna na iya dawowa da miki a jiki watanni bayan cizon.

Suri, duwatsu da garke

Kowane iri da irin maɓoyarsa. A Baringo ta Kenya, da ƙasar Pokot da ke kan iyakar Kenya da Uganda, da kudancin Habasha, Phlebotomus martini ne ke yaɗa kala-azar, kuma a cikin ramukan shan iska na suri yake wuni. Yara makiyaya masu wasa ko hutawa kusa da suri da yamma su ne suka fi kamuwa. A tsaunukan Habasha, inda ake sanyi, wasu ire-iren na zaune a kogunan duwatsu tare da agwada, suna yaɗa wata cutar fata mai wuyar magani. A jahar Bihar ta Indiya da Nepal da Bangladesh, Phlebotomus argentipes ɗan gida ne: yana zama a tsagar bangon laka da garken shanu, a ƙasa mai danshi ta bakin koguna, kuma daga mutum zuwa mutum yake ɗaukar cutar. A biranen Kabul da Halab, wani irin na zaune a tsofaffin gine-gine da kangayen da yaƙi ya bari.

Wannan bambanci shi ke nuna dabarar da za ta yi aiki. A Indiya feshin DDT da aka yi a gidaje don yaƙar zazzaɓin sauro a shekarun 1950 da 1960 ya kusan kawar da kala-azar, domin ƙwaron a bango yake sauka. Da aka daina feshin, ta dawo da ƙarfi a shekarun 1970. Da feshi da gano marasa lafiya da wuri, Bangladesh ta zama ƙasa ta farko da OMS ta tabbatar ta kawar da kala-azar a matsayin barazana ga lafiyar jama'a, a Oktoban 2023. A Gadarif kuwa feshin cikin ɗaki kaɗai ba zai isa ba, tunda ƙwaron a waje yake. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Idan muhalli ya sauya

Ayyukan mutane na sauya taswirar cutar. A Tunisiya babbar annobar fata ta fara ne a 1982 kusa da madatsar ruwa ta Sidi Saad, bayan aikin ya sauya ƙasa da tsirran yankin, ya kuma kawo ma'aikata da manoma. A Brazil saran daji da ƙaura zuwa unguwannin bayan gari sun shigar da kala-azar cikin manyan birane, inda karnuka ke ajiye ta. A Fuenlabrada, kudu da Madrid, ɗaruruwan mutane suka kamu daga 2009, bayan an mai da wasu gonaki wurin shaƙatawa inda zomaye suka yawaita ba mai farautarsu.

Ɗumamar yanayi na ƙara nata. A Turai an ga ƙyashi ya bazu zuwa arewacin Italiya, an kuma kama wani irinsa a kudancin Jamus, wuraren da sanyi ya hana shi a da. Inda zafi ya riga ya yi yawa, ƙarin zafi da fari na iya rage shi a fili, su tara shi a ƴan wuraren da ke da danshi, wato fadamu da lambuna da bakin rijiyoyi, inda mutane da dabbobi su ma suke taruwa. Fari kuma na jawo yunwa da ƙaura, abubuwa biyu da ke buɗe wa kala-azar ƙofa. A 2022 kashi 73 cikin 100 na masu kala-azar a duniya a gabashin Afirka suke, rabinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. A Yunin 2024 OMS ta ƙaddamar da shirin kawar da ita daga yankin, kuma Cadi na cikin ƙasashen da shirin ya shafa.

Kariya da magani

Babu allurar rigakafin leshmaniyoz ga ɗan Adam, don haka kariya ta dogara ne ga guje wa cizo. Ƙyashi na iya ratsa ramukan sange na yau da kullum saboda ƙanƙantarsa, amma sange mai magani na kashe shi ko ya kore shi. Bayan MSF ta raba irinsa a ƙauyukan Gadarif tsakanin 1999 da 2001, an ga raguwar masu kamuwa. Ya kamata a ɗaura shi har lokacin kwanan waje, a gona ko a tsakar gida, ba da damina kaɗai ba. Kwana a kan gado ko a bisa soro ya fi kwana a ƙasa. Tufa mai rufe hannu da ƙafa da yamma na taimakawa. A gida kuma, a yaɓe tsagogin bango, a kwashe juji da taki daga kusa da ɗakin kwana, a toshe ramukan kusa, a nisanta turken dabbobi. Sare aduwa da dushe ba mafita ba ce, domin suna ba da abinci da ƙaro da makamashi, suna kuma riƙe ƙasa. Abin da ya fi shi ne a guji kwana a ƙarƙashinsu ba sange a watannin bazara.

Kala-azar na warkewa idan an gano ta da wuri. Akwai gwajin jini na gaggawa mai suna rK39, kuma a gabashin Afirka ana yin allurai biyu a haɗe, sodium stibogluconate da paromomycin, tsawon kwana 17. Masu juna biyu da waɗanda ciwon ya galabaitar ana ba su amphotericin B. Ga cutar fata, gidajen likita a ƙasashe masu amfani da Faransanci sun fi sanin Glucantime. Duk waɗannan magunguna ne masu ƙarfi, sai a hannun likita.

Alamu biyu ne bai kamata a yi wasa da su ba: zazzaɓin da ya wuce mako biyu bai ji maganin zazzaɓin sauro ba, musamman in ga rama da kumburin ciki ta ɓangaren hagu, da kuma gyambon da ya shafe makonni bai warke ba. Mai irin wannan ya je gidan likita, ya kuma gaya wa ma'aikacin lafiya duk inda ya yi tafiya ko ya kwana cikin watanni shida da suka wuce, ko gonar riɗi ce a Sudan, ko lambu a kudancin Aljeriya, ko kwazazzabo a Ayar. Sunan wurin da watan da aka je shi na iya zama abin da zai sa likita ya yi gwajin da ya dace.